Doki Ba Akuya Ba Ne: Roƙonmu Ga Masu Bai Wa Dawakin Bakin Hanya Abinci



Da aka ce kowane aji ya kawo abin da za a sa a littafin makaranta na bana, mu 'yan aji na sama mun daɗe muna gardama. Wasu suka ce a yi rubutu a kan tsafta, wasu suka ce a kan ladubban masallaci. Daga ƙarshe muka tsaya a kan doki, saboda wani abu da ya faru a gabanmu cikin azumin bara, kuma da hannunmu a ciki. Mun je mun tambayi masu kiwon dawaki, mun saurari likitan dabbobi, mun koma wajen malamanmu. Abin da muka samo shi ne muka kawo muku.

Abin da ya faru

Saura kamar kwana goma a yi ƙaramar Sallah, wani dattijo a unguwarmu ya kafa wa dokinsa turke a wani ɗan fili da ke bakin hanyar da muke bi zuwa makaranta. Jan doki ne mai farin goshi, ga shi da sanyin hali. Yana shirya shi ne don hawan Sallah, domin samari kan yi hayarsa, masu biki ma haka, kuma da wannan kuɗin yake riƙe gidansa.

To, kun san yadda azumi yake. Bayan buɗa-baki abinci kan ragu a kowane gida, kuma kowa na neman lada. Wannan ya miƙa masa ragowar burodi, wancan ya juye masa ragowar waakye, wata ta kawo ɓawon rogo, yara kuma suna jefa masa biskit da robarsa. Wani bawan Allah ya juye masa masara kusan rabin bokiti, wadda ta fara yin fumfuna a ɗaki, yana ganin gara doki ya ci da a zubar a gota. Mu ma mun ba shi. Da Malam ya tambaya daga baya, ba ƙaramin hannu aka ɗaga a ajinmu ba.

Ranar nan da asuba masu zuwa masallaci suka iske dokin yana birgima a ƙasa, gumi ya jiƙe shi, yana ta waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa da ƙafa. Aka taso mai shi, aka kira likitan dabbobi. Likita ya yi masa allura, ya zura masa dogon tiyo ta hanci har cikin ciki, ya fitar da abin da ya fitu. Allah ya sa da sauran kwana, dokin bai mutu ba. Amma bayan kwana biyu sai kofatonsa suka ɗauki zafi, ya kasa takawa. Sallah ta zo ta wuce yana tsaye a inuwa. Watanni ya yi kafin a sake sa masa sirdi. Kuɗin haya ya tafi, kuɗin magani ya hau kai.

Da muka je gaishe da dattijon, muka ce, "Baba, ka yafe mana, mu ma mun ba shi burodi." Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "'Ya'yana, na san ba da mugunta kunka yi ba. Amma da ɗayanku ya tsaya ya tambaye ni, da duk wannan bai faru ba. Kowa ya ba shi kaɗan, babu wanda ya ƙirga na ɗan uwansa."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta tsaya mana a rai. Mai wucewa yana ganin loma ɗaya ce ya bayar. Amma hanya ce, mutum nawa ke binta daga asuba zuwa isha'i? In mutum 40 kowa ya ba da cikin tafin hannu ɗaya, ai an cika bokiti. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Doki a Zango

Doki ba baƙo ba ne a wurinmu. Fataken Hausawa da suka riƙa zuwa Salaga neman goro sun riƙa kawo kanwa da tufafi da dabbobi, har da dawaki. A arewacin Gana har yau doki na da daraja a gidajen sarauta, kuma duk wanda ya taɓa ganin bikin Damba a Yendi ko Tamale ya ga yadda ake sa doki rawa da kiɗa. A Kano kuwa hawan Sallah ya yi sunan da har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024.

Ita kanta Nima wurin kiwo ce tun asali. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, wanda ke fataucin shanu, ya samu filin daga gidan Odoi Kwao na Osu don dabbobinsa su samu wurin tsayawa. Yau kuwa ku duba Nima. Gida ya haɗe da gida, kiyos ya haɗe da kiyos, ko wurin shanya kaya da ƙyar ake samu. Shi ya sa mai doki ba shi da barga irin ta fadar sarki, sai dai ya nemi ɗan fili a bakin titi, ko gefen filin ƙwallo, ko kangon da ba a gama ginawa ba, ya kafa turke. Dawakin 'yan sanda, da na sojoji a Burma Camp, da na masu wasan folo kusa da filin jirgi, duk suna cikin shinge, babu mai kusantarsu sai da izini. Namu kuwa na Zango, da waɗanda ake hawa a bakin teku a Labadi, suna inda hannun kowa ke kaiwa.

Riƙe doki a kudancin ƙasar nan dama wahala ne. A yankin kurmi ƙudan tsando na sa wa dabbobi cutar sammore, shi ya sa tun da can dawaki ba sa daɗewa a can. A Ankara kuma harawa da dusa da gero duk saye ake yi. Saboda haka dokin da kuke gani ana kilisa da shi a babban titin Nima ranar Sallah, an sa masa kayan ado, yara na bin sa da ihu, wani ne ya yi shekara yana wahala a kansa.

Yadda Allah ya yi cikin doki

Kuskuren da yawancinmu muka yi shi ne auna doki da akuya. Mun tashi muna ganin awaki da tumaki na yawo a lungu suna cin duk abin da suka samu, sai muka ɗauka babbar dabba ai ta fi su juriya. Ashe ba haka ba ne.

Akuya da tunkiya da saniya cikinsu ɗaki huɗu ne. Suna haɗiye abinci ya shiga tumbi, daga baya su dawo da shi baki su yi tuƙa. Suna kuma yin gyatsa, iska ta fita. Doki ba ya tuƙa. Cikinsa ɗaki ɗaya ne, kuma ƙarami ne in aka duba girman jikinsa, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba. An halicce shi ne ya riƙa cin ciyawa kaɗan-kaɗan, har ya kan kai awa 16 a rana yana kiwo in an sake shi.

Abu na biyu, wanda ya fi ba mu mamaki: doki ba ya iya amai. A ƙofar cikinsa akwai wata tsoka mai ƙarfi da ke barin abinci ya shiga amma ba ta barinsa ya dawo. Mu in mun ci abin da ya ɓaci, sai mu amayar mu huta. Shi kuwa abin da ya shiga ya shiga ke nan, sai ya bi hanji mai tsawon kusan mita 30 kafin ya fita. In iska ko ruwa ya taru a cikin ya rasa mafita, cikin na iya fashewa, kuma wannan ba shi da magani. Abin da ya sa likita ke zura tiyo ta hanci ke nan, don ya buɗe wa abin hanya.

Abu na uku, a can ƙarshen hanjin doki akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar masa da ciyawa. Sun saba da irin abincin da yake ci kullum. In aka kwararo musu shinkafa ko burodi ko masara mai yawa a lokaci ɗaya, sai abin ya yi tsami a ciki, iska ta taru, masu amfanin su mutu, guba ta shiga jini. Daga nan ciwon ciki ke tasowa. Daga nan kuma ciwon kofato ke zuwa, domin gubar kan kumbura naman da ke riƙe kofato da ƙashi. Mai tsanani ma ƙashin kan juya a cikin kofaton, dokin ya gurgunce har abada. Shi ya sa masu kiwo in za su canza wa doki abinci, a hankali suke yi, cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Kuma abincinsa a aune yake. Dokin da ya kai kilo 300 yana buƙatar busasshen abinci kamar kilo 5 zuwa 6 a rana, yawancinsa ciyawa da harawa, sannan hatsi da dusa ɗan daidai gwargwadon aikin da yake yi. Mai doki ya riga ya yi wannan lissafin tun da safe. Duk abin da mai wucewa ya ƙara, a kan lissafin wani ya ƙara.

Abubuwan da muke bayarwa da irin ɓarnarsu

Ragowar abincin gida. Waakye, tuwo, banku, dokunu, burodi, ƙosai, duk abincin mutane ne, da gishiri da mai da barkono da albasa. Albasa in ta yi yawa tana lalata jinin doki. Burodi kuma na iya dunƙulewa ya tsaya masa a maƙoshi.

Hatsin da ya yi fumfuna. Wannan ya fi kowanne haɗari. Masarar da ta jiƙe ta yi fumfuna na ɗauke da gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwar doki, sai a ga yana tangaɗi, yana zagaye wuri ɗaya, yana dafa kai da bango, kuma da wuya ya tashi. Abin da ba za ka dafa wa iyalinka ba, kada ka juye wa doki.

Abincin kaji da na shanu na buhu. Wasu daga ciki ana sa musu wani magani mai suna monensin. Kaji da shanu na jure shi, amma ɗan kaɗan ya isa ya lalata zuciyar doki. Ko ragowa ce a gindin buhu, kada a ba shi.

Ɓawon rogo. Ɗanyen rogo, musamman ɓawonsa, yana da guba. Ai shi ya sa iyayenmu mata ke jiƙa shi, su matse, su soya kafin ya zama gari.

'Ya'yan itace. Paya ba ta yi wa doki kyau, da ita da ganyenta. Ƙwallon mangoro da totuwar masara na iya maƙale masa. Ko karas da tufa da ake gani a talabijin ana bai wa dawaki, masu su ne ke bayarwa, a yanke, kuma a ƙirge.

Yankakkiyar ciyawa. Wannan mutane da yawa za su yi mamaki, tunda ciyawa ce abincinsa. Amma ciyawar da aka yanka da inji aka tara ta kan ɗauki zafi ta fara tsami tun tana ƙasa, doki kuma ya haɗiye ta da sauri ba tare da ya tauna sosai ba. Ga kuma ta bakin titi da ake fesa wa maganin kashe ciyawa. Sannan mai yanka bai san ko ganyen zurma, ko na bini-da-zugu, ko na furannin shinge masu fitar da farin ruwa kamar madara ya shiga ciki ba, alhali dukkansu guba ne.

Roba. Baƙar roba, wadda 'yan Najeriya ke ce wa leda, da robar ruwan sha, su ne annobar unguwarmu. Doki ya ji ƙanshin abinci a jikin roba sai ya haɗiye duka. Roba ba ta narkewa, sai ta toshe hanji. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin awaki da shanu, za ku ji. To, akuyar ma da muke ganin ta fi juriya ba ta tsira ba, balle doki.

Haɗarin da ke kan mai bayarwa

Ba dokin kaɗai ke cikin haɗari ba. Idanun doki a gefen kansa suke, yana gani kusan ko'ina, amma ba ya ganin abin da ke daidai ƙarƙashin hancinsa, ba ya kuma ganin abin da ke bayansa daf da wutsiya. Yaro ya miƙa masa biskit da 'yan yatsu, shi dokin ba ya ganin inda biskit ya ƙare yatsa ya fara. Haƙoransa kuwa na iya karya yatsa. Wanda ya zagayo ta baya ba tare da ya yi magana ba kuma, shuri ɗaya ya isa ya kai shi asibiti.

Akwai kuma ɓata tarbiyya. Dokin da ya saba karɓa a hannu zai fara cizon duk wanda ya zo babu komai. Zai riƙa jan igiya yana nufar titi duk lokacin da ya ga mai roba a hannu. Ku tuna irin yadda trotro da masu babur ke gudu a hanyoyinmu. In ya tsinke igiya ya faɗa titi, mai doki za a kama da laifi, alhali mu muka koya wa dokin.

Ina maganar lada?

Mun san abin da wasu za su ce: ai ciyar da dabba sadaka ne. Gaskiya ne. Mun karanta a hadisi labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, da na matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Doki kuwa Allah ya ambace shi a Alƙur'ani, har akwai Suratul Adiyat da ta buɗe da rantsuwa da dawaki masu gudu. Babu wanda ke cewa a cire tausayi daga zuciya.

Amma da muka kai wa Malam maganar, sai ya tuna mana abubuwa biyu da muka riga muka karanta a fiƙihu. Na farko, ilmi ke gaba da aiki. Ba a shiga abu sai an san hukuncinsa da yadda ake yinsa. Karen da ke cikin hadisi ƙishi yake ji, kuma ruwa aka ba shi, wato abin da yake buƙata. Na biyu, doki dukiyar wani ce, ba a taɓa dukiyar mutum sai da yardarsa. Wanda kuma ya lalata dukiyar wani, ramuwa na kansa ko da bisa kuskure ne. Kyakkyawar niyya na ɗauke zunubin ganganci, amma ba ta ɗauke biya. Da muka ji haka jikinmu ya yi sanyi, domin a lissafi muna cikin masu bashin dattijon nan, sai dai shi ya yafe.

Ga mai son lada, hanya a buɗe take. Je ka sami mai dokin, ka ce, "Alhaji, ina so in taimaka, me yake ci?" Ka saya masa damin harawa, ko mudun gero mai kyau a kasuwar Nima ranar Laraba, ka damƙa a hannunsa, shi ya san lokacin da zai bayar. Ko ka taya shi ɗebo ruwa, domin doki na shan lita 20 zuwa 40 a rana, a lokacin zafi ma fiye da haka, kuma kun san yadda ruwa yake a unguwarmu. Ko ka tsince robobin da ke kusa da turken. Duk wannan sadaka ce da ba ta da ɓarna a bayanta.

Ba mu kaɗai ba ne

Wannan matsala har a Turai akwai ta. A kudancin Ingila akwai wani daji mai suna New Forest, inda dubban ƙananan dawaki ke yawo a sake har bakin titi, kuma kowanne da mai shi. Masu yawon buɗe ido sun dame su da ba su abinci, har hukumar yankin ta kafa doka daga ranar 1 ga Yuli, 2023: wanda aka kama yana ba su abinci ko yana shafa su zai iya biyan tarar fam 100, in kuma aka je kotu ta iya kaiwa fam 1,000. Su sun bi ta hanyar tara. Mu a Zango muna da masallaci, muna da makaranta, muna da sarakuna da dattawan da ake jin maganarsu. In muka yi amfani da su, ba sai an kai ga tara ba.

Yadda za mu hana ba tare da faɗa ba

Na ɗaya, da baki mai daɗi. Yawancin masu bayarwa mutanen kirki ne, in aka yi musu tsawa sai su ji an raina alherinsu. In babbar mace ce, a gaishe ta tukuna, a ce, "Mma, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Amma wannan abincin na sa masa ciwon ciki, don shi ba ya iya amai. In kina so, ga gidan mai shi can." In ƙanenmu ne, a riƙe hannunsa a ja shi baya, a nuna masa haƙoran dokin daga nesa. Mun gwada, kuma mun ga cewa da zarar mutum ya ji dalili sai ya bari. Maganar amai ɗin nan ita ta fi shiga, domin kusan babu wanda ya sani.

Na biyu, allon sanarwa a kusa da turke. Rubutun ya zama gajere kuma da dalili a ciki, kamar haka: Don Allah kada a ba ni abinci, na riga na ci, ƙari na iya kashe ni. A rubuta da Hausa, boko da ajami saboda dattawa, a rubuta da Turanci, in da hali a ƙara Tuwi da Ga, tunda ba Hausawa kaɗai ke bin hanyar ba. A zana hoton hannu da burodi a ja masa jan layi saboda yara da waɗanda ba su yi karatu ba. A kuma sa yadda za a sami mai dokin. Ajinmu ya ɗauki nauyin rubuta irin wannan allo kyauta ga duk mai dokin da ya nema.

Na uku, sanarwa a masallatai da makarantu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne goman ƙarshe na azumi da kwanakin kafin babbar Sallah, domin a lokacin ne dawaki ke yawa a unguwa, ragowar abinci ma haka. Muna roƙon limamanmu su ba da minti biyu bayan salla a kan wannan.

Na huɗu, masu sayar da abinci a bakin hanya. Mai koko, mai waakye, mai shayi, su ne ke zaune a wurin tun safe, suna ganin kowa. In mai doki ya yi musu bayani ya roƙe su, sun fi kowane allo aiki. Su ma kada su juye ragowar tukunya a gaban doki in za su tashi.

Masu dawaki ma da nasu

Adalci ne mu faɗi wannan, tare da girmamawa ga iyayenmu masu kiwo. Wani lokaci abin da ke sa mutane miƙa abinci shi ne sun ga doki a tsakiyar rana, babu inuwa, bokitinsa a bushe, haƙarƙari a waje. Wanda ya ɗaure dabba, cinta da shanta na wuyansa, kuma za a tambaye shi. Saboda haka muna roƙo a kafa turke nesa da bakin hanya yadda hannun mai wucewa ba zai kai ba, in da hali a ja igiya ko a kafa 'yan sanduna a kewaye. A samar da inuwa. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa, da ɗan harawa da zai riƙa taunawa, domin dokin da ke cin abinsa ba ya ba mutane tausayi, ba ya kuma kula roba. A share wurin safe da yamma. A riƙa leƙowa, kada a bar shi wuni guda babu mai dubawa.

In kuwa ka ga dokin da da gaske yake cikin yunwa, maganin ba ragowar tuwo ba ne. Dabbar da ta daɗe da yunwa ma ita ce abinci mai yawa a lokaci ɗaya ya fi saurin kayarwa. Yi wa mai shi magana cikin mutunci. In bai ji ba, kai wa liman ko sarkin unguwa.

Alamomin da ya kamata kowa ya sani

In ka ga doki yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa ko yana harbinsa, yana kwanciya yana tashi, yana birgima, yana gumi ba tare da ya yi gudu ba, to ciwon ciki ne. In ka ga yawu da abinci na fitowa ta hancinsa, yana miƙe wuya yana tari, wani abu ya maƙale masa. In ka ga ya tura ƙafafun gaba ya jingina baya, ba ya son takawa, kofato ne. A duk waɗannan kada ka ɗura masa mai, ko jiƙo, ko maganin mutane, domin ɗurin na iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Kada ka shiga kusa da dokin da ke birgima. Ruga ka kira mai shi, shi kuma ya kira likitan dabbobi da wuri. In kuma ka san abin da aka ba dokin, ko da kai ne ka ba shi, faɗi gaskiya. Likita ya gaya mana cewa sanin abin da doki ya ci da lokacin da ya ci na taimaka masa ƙwarai, kuma kunyar da mutane ke ji su yi shiru ita ke cinye lokacin ceto.

Bana jan dokin nan ya warke, mun gan shi da sirdi ranar Sallah, kuma allon da muka rubuta masa na nan a jikin sanda kusa da turkensa. In kun wuce ku gaishe da Baba, ku tsaya daga nesa ku kalli dokin. In zuciya ta ce ku ba shi wani abu, ku tambaya tukuna, ai matambayi ba ya ɓata.

 Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure a gyara mana, ɗalibai ne mu. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu ji tausayin dabbobi ta hanyar da za ta amfane su, ya zaunar da unguwanninmu lafiya. Amin.